Tauraron “likitoci ɗari”: mene ne Shatabisha, kuma daga ina aka samo halayen da ake jingina masa?

Wai da gaske ne akwai wani tauraro a lissafin Indiyawa wanda in an haifi mutum a ƙarƙashinsa zai taso da baiwar warkar da mutane, amma shi kansa ya yi ta fama da ciwon da likita ba ya iya gani? Tambayar da ƙanwata ta jefo min kenan wajen sha ɗayan dare, ta haɗo da hoton allon wayarta. Ashe wata manhaja ta samu ta saka ranar haihuwarta, aka ce mata tauraronta Shatabisha ne, aka zubo mata bayani ya kai shafi biyu. Ta ce, “Yaya don Allah karanta ka gani, wallahi kamar wanda ya zauna da ni ya rubuta, har ciwon kan nan nawa sun faɗa.”

Ba ita kaɗai ba ce. Duk mai kallon finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa ya sha ganin wurin da ake kiran wani dattijo mai jan fenti a goshi ya buɗe takardun haihuwar saurayi da budurwa ya girgiza kai ya ce taurarinsu ba su haɗu ba, yanzu kuma abin ya baro fim ya shigo TikTok da Facebook, yaranmu na ta tura wa juna sunayen da ba su san asalinsu ba. To ni abin da ya dame ni shi ne yawancin masu yaɗawa da masu zagin duk ba su san me ake magana a kai ba, shi ya sa na ga gara a warware zaren tun daga bakinsa.

Me ake nufi da nakshatra?

In ka lura da wata daren yau ka ga taurarin da ke kusa da shi, gobe war haka za ka ga ya matsa gabas ya bar su, jibi ya ƙara matsawa, a haka sai ya zagayo ya dawo wurin taurarin farko cikin kwana 27 da ɗan ɗoriya. Wannan zagayen daban yake da kwana 29 ko 30 da muke ƙirga watan Musulunci da shi, wancan daga tsayuwar jinjirin wata ne zuwa wata tsayuwar. Mutanen Indiya na dā sai suka raba hanyar da watan ke bi gida 27, kusan kowane dare da masaukinsa, kowane masauki shi ake kira nakshatra. Da'irar sama digiri 360 ce, in ka raba 27 kowane gida zai tashi da digiri 13 da minti 20 (minti 60 ne digiri ɗaya), sannan kowane gida an sake yanka shi huɗu, kowane yanki suna ce masa pada, jimilla 108 kenan, adadin da za ka gani a carbinsu.

Lissafin tsoho ne ƙwarai, sunayen gidajen suna cikin littattafan Veda, tsofaffin littattafan addinin Hindu, a Atharvaveda ma 28 aka lissafo saboda akwai wani ƙari mai suna Abhijit da daga baya aka ajiye shi gefe. A tatsuniyarsu gidajen nan 'ya'ya mata ne na wani mai suna Daksha, su 27 duk wata ya aura, yana kwana ɗakin kowacce dare ɗaya, sai ya fifita Rohini a kan sauran, uban ya tsine masa ya dinga ramewa, wai dalilin raguwar wata kenan. Mu ma ai muna cewa Zara matar wata, su dai nasu matan ne suka yi yawa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, in Ba'indiye ya ce “tauraron haihuwata”, yana nufin gidan da wata yake ciki a daidai lokacin da aka haife shi. Ya sha bamban da burujin da ake bugawa a jaridun Turawa wanda ke bin rana da watan haihuwa. Nan sai an san rana, an san awa, an san gari.

Ina Shatabisha yake, me sunan ke nufi?

Shi ne gida na 24 in aka fara ƙirga daga Ashwini. Yana farawa daga digiri 6 da minti 40 ya ƙare a digiri 20 na burujin da suke kira Kumbha, wato tulu, wanda malamanmu na hisabi suka sani da Dalwu. A harshen Sanskrit shata ɗari ne, bhishaj kuma likita ko mai magani, sunan kenan “mai likitoci ɗari”. Yana da wani sunan, Shatataraka, mai taurari ɗari, saboda wajen cike yake da ƙananan taurari marasa haske sosai, ba irin waɗanda ido ke kamawa nan take kamar Kaza da 'ya'yanta ba. Alamarsa zobe ne wanda ba komai a cikinsa.

A kudancin Indiya sunan ya ɗan sauya, Tamilawa na cewa Sadayam, mutanen Kerala na cewa Chathayam, kuma ba ƙaramin matsayi yake da shi ba a wurinsu. A garin Thanjavur na ƙasar Tamilawa duk shekara ana bikin tunawa da haihuwar sarki Raja Raja Chola, wanda ya gina babban ɗakin bautar garin shekara dubu da suka wuce, a ranar da wata ya sauka wannan gidan, haka a Kerala ana hutun ranar haihuwar Narayana Guru, mutumin da ya yi yaƙi da wariyar asali, a ranar Chathayam ta watan Chingam na kalandarsu. Wato a can tauraron haihuwa shi ne ranar zagayowar haihuwar mutum a al'ada, ko da mutumin bai damu da duba ba.

Varuna, igiyar zarge da kumburin ciki

Nan ne zuciyar maganar take, kuma nan ne manhajojin nan ba sa kaiwa. Kowane gida an ba shi abin bauta guda daga cikin na addinin Hindu, na Shatabisha shi ne Varuna. Yau an fi saninsa da ubangidan ruwa da teku, amma a tsofaffin waƙoƙin Rigveda sarki ne mai tsare doka da alƙawari, yana da 'yan leƙen asiri ko'ina, ba a ɓoye masa komai, makaminsa kuma igiyar zarge ce da yake ɗaure mai ƙarya da mai saɓa alƙawari. Cutar da aka ce yana ɗora wa mai laifi ita ce wadda ciki ke kumbura ya cika da ruwa.

Akwai labarin da suke bayarwa na sarki Harishchandra da bai samu ɗa namiji ba, ya roƙi Varuna ya ba shi da alƙawarin zai yanka masa yaron. Aka haifi Rohita. Varuna ya zo karɓa, sarki ya ce a bari ya yi kwana goma, ya dawo ya ce a bari ya yi haƙori, ya dawo ya ce a bari ya yi famfara, ya dawo ya ce a bari haƙoran su sake fitowa, ya dawo ya ce a bari ya isa ɗaukar makami, a haka yana ta jan ƙafa har yaron ya girma ya ji labari ya gudu daji, shi kuwa sarki cikinsa ya kumbura tim. Ƙarshe aka sayi ɗan wani matalauci da shanu ɗari, yaro mai suna Shunashepa, aka ɗaure shi jikin turke za a yanka a madadin ɗan sarki, yaron ya shiga rera roƙo, duk baitin da ya yi sai igiya ta saki, cikin sarki kuma ya saɓe, har aka kwance shi gaba ɗaya sarki ya warke. A cikin waƙar da ake jingina wa yaron nan ne aka ce wa Varuna yana da masu magani ɗari, kai har dubu. Ka ga inda sunan da abin bautar suka haɗu.

Akwai kuma waƙoƙin wani mai suna Vasishtha yana tambayar Varuna laifin me ya yi, yana cewa ba da gangan ba ne, giya ce da fushi da caca da rashin tunani suka ja shi, a wata kuma yana kukan ƙishirwa ta kama shi alhali yana tsaye tsakiyar ruwa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai kumburin ciki a asibiti, ya ga ciki cike da ruwa leɓe kuma a bushe, ya san mawaƙin nan ya ga abin da idonsa.

To in ka haɗa waɗannan za ka gane me “waraka” take nufi a asalin wannan gidan: ciwo igiya ce, abin da ya jawo igiyar wani abu ne da ka ɓoye ko alƙawarin da ka ƙi cikawa, maganin kuma ka fito da shi fili a kwance ka. Duk wani dogon bayanin da ake yi yau kan Shatabisha daga wannan rijiyar ake ɗibarsa, ko mai rubutun ya sani ko bai sani ba.

Halayen da ake cewa mai wannan tauraro yana da su

Wani masanin taurari da ya rayu a birnin Ujjain na Indiya a ƙarni na 6, Varahamihira, ya taƙaita halin ɗan Shatabisha a layi ɗaya kacal cikin littafinsa Brihat Jataka: mai faɗin magana ba kwana-kwana, mai faɗawa cikin wata jaraba ko masifa, mai gamawa da maƙiya, mai ganganci, mai wuyar sha'ani da ba a juya shi. Kalma biyar. Ba maganar baiwar warkarwa ko zurfin ruhi a wurin.

Na zamani kuwa sun faɗaɗa abin ya zama shafuka. Za su ce maka mutum ne mai zurfin ciki, ba ya son hayaniya, yana da abokai amma ba wanda ya san cikinsa, yana da taurin kai, in ya ɗau matsaya ko giwa ba ta ja da shi, yana son bincike da tono asalin abu, ya dace da aikin likita ko haɗa magunguna ko kimiyya ko lantarki ko duk wani aikin sirri, kuma yana iya faɗawa kaɗaici da baƙin ciki da shaye-shaye, cututtukansa masu wuyar ganewa ne. Sai su ƙare da cewa wahalar da ya sha ita za ta mayar da shi mai warkar da wasu.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga tushen kowanne. Zurfin ciki daga zoben da ba komai cikinsa ne da Varuna mai sirri. Likitanci daga sunan. Shaye-shaye daga Varuna mai ruwa da kalmar nan ta Varahamihira. Kaɗaici da nauyin rai daga Zuhal, wanda suke kira Shani, don shi ne mai burujin Kumbha a wurinsu. Lantarki da ƙasashen waje da abubuwan da ba a saba ba daga Rahu. Shi Rahu ɗin ba wata duniya ba ce da za a haska da madubin hangen nesa a gani, mahaɗa ce kawai inda hanyar wata ke ratsa hanyar rana, wurin da husufi ke faruwa, amma a tatsuniyarsu kan wani dodo ne da ya saci ruwan rashin mutuwa aka fille masa kai kafin ya haɗiye, kan ya rayu ba ciki, komai ya ci ba ya ƙoshi. Daga nan aka ce ɗan Rahu mai kwaɗayin da ba ya ƙarewa ne.

Abin da nake so a gani shi ne ba wanda ya tara mutum dubu da aka haifa a wannan gidan ya zauna da su ya auna halinsu sannan ya rubuta. Daga suna da tatsuniya da alama aka saƙa halin, aka ɗinka riga sannan aka ce duk wanda aka haifa ranar ya saka. Kuma wata yana kwana kusan yini guda a kowane gida, kenan kusan kashi ɗaya cikin 27 na mutanen duniya 'yan Shatabisha ne, in ka raba biliyan 8 za ka samu wajen mutum miliyan 300, da mai surutu da miskili da mai tsoron allura duk a ciki. Masu ilimin suna da amsa kan wannan, sukan ce ai tauraron wata ƙofa ɗaya ce, sai an duba pada, an duba burujin da ke ɓullowa a gabas lokacin haihuwa, an duba inda sauran duniyoyi suke. Gaskiya ne haka tsarinsu yake, sai dai in haka ne to shafi biyun da manhaja ta zubo wa ƙanwata ko a wurinsu ba hujja ba ne.

Me suke bayarwa a matsayin magani?

Suna da wani lissafi na rabon shekarun rayuwa, shekara 120 aka raba wa abubuwa tara da suke ƙirgawa a matsayin duniyoyi, Rahu ya samu 18, Mushtari 16, Zuhal 19, haka dai. Duk wanda aka haifa a Shatabisha rayuwarsa tana farawa ne cikin zangon Rahu, yawan abin da ya rage masa ya danganta da nisan da wata ya yi a cikin gidan. Shi ya sa za ka ji ana gaya wa iyaye ƙuruciyar yaron za ta zo da laulayi. Ga kuma abin da suke kira sade sati, shekara bakwai da rabi da Zuhal ke ratsa burujin watan mutum da na gabansa da na bayansa, kuma daga farkon 2023 zuwa Maris 2025 Zuhal ya zauna cikin Kumbha a lissafinsu, daga nan Rahu ya shiga a watan Mayun 2025, abin da ya sa bidiyoyin gargaɗi ga 'yan wannan tauraron suka yi yawa a shekarun nan har suka tsallako wayoyinmu.

Maganin kala biyu ne. Akwai na ibadarsu: maimaita wasu addu'o'i sau 108, musamman na Shiva, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu, da na Varuna, sadakar baƙin riɗi ko bargo, dasa bishiyar kadamba da aka ce ita ce bishiyar gidan, zuwa ɗakin bautar Rahu da ke Thirunageswaram kusa da Kumbakonam inda ake zuba wa gunkin madara, ko Srikalahasti inda ake yanka tikiti a yi wa mutum hidimar Rahu da Ketu (wato gangar jikin dodon nan da aka fille wa kai), da saka zobe mai wani dutse ruwan zuma da suke kira gomed. Waɗannan ayyukan addinin Hindu ne kai tsaye, duk wanda ya ce maka “al'ada ce kawai” ko “kimiyyar sama ce” bai gaya maka gaskiya ba.

Kala na biyu shi ne wanda aka fi tallatawa ga 'yan waje, an wanke shi daga sunayen gumaka an sa masa rigar nasiha: ka daina ɓoye damuwarka, ka nemi wanda za ka faɗa wa, ka rage kaɗaici, ka guji kayan maye, ka zauna shiru kusa da ruwa, ka yi hidimar marasa lafiya. Ni ban ga wanda wannan shawarar za ta cutar ba, sai dai ban ga abin da ya sa ta zama ta 'yan gida na 24 su kaɗai ba, kakata ma da ba ta san Indiya ba tana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma in zurfin cikin ya yi yawa ita ce mai cewa a fito da shi kar ya kashe mutum.

Inda abin yake ban tsoro shi ne jumlar nan ta “ciwonka likita ba zai gane shi ba”. Kumburin cikin da aka jingina wa Varuna yau an san mafi yawansa daga hanta ne ko zuciya ko ƙoda, wani lokacin daji ko tarin fuka na ciki, kuma kowane wata ɗaya da aka ɓata ana jiran zangon Rahu ya wuce hanta na ƙara lalacewa ne. Haka ciwon damuwa, haka jarabar ƙwaya. Ita kanta Indiya tun 1954 take da dokar da ta hana tallan laya da surkulle a matsayin maganin wasu cututtuka, don sun ga abin da hakan ke jawowa.

Yadda abin ke taɓa talaka a can

Tun daga suna ake farawa, kowane pada yana da gaɓar da ake so sunan jariri ya fara da ita, na Shatabisha su ne Go, Sa, Si, Su. Wannan ba ya cutar da kowa. A aure ne abin ke da nauyi. Ana auna tauraron saurayi da na budurwa a kan maki 36, ana so a samu aƙalla 18, kuma maki 6 daga ciki na abin da suke kira gana ne, inda aka raba gidajen 27 zuwa na alloli da na mutane da na dodanni. Shatabisha yana cikin na dodanni. Masu ilimin za su ce kalmar ba ta nufin mugunta, tana nufin mai ƙarfin hali da tsayawa kan ra'ayi, to amma ka ɗauka kai ne uban yarinya, dangin miji sun kai takarda an ce musu 'yarka ajin dodanni ce ɗansu kuma ajin mutane, maki sifili a wannan layin. Aure nawa ya mutu tun kafin a kai gaisuwa a kan haka? Sannan ga kuɗin gyara, kuɗin dutse, kuɗin hidima, kuma dutsen gomed na jabu ya cika kasuwa.

A Indiyar ma ba baki ɗaya suke ba

Kar a ɗauka duk Ba'indiye ya yarda da wannan. A 2001 hukumar kula da jami'o'in ƙasar ta amince a koyar da ilimin taurarin Veda a matsayin darasin digiri, masana kimiyya suka yi ca, aka kai ƙara, a 2004 kotun ƙoli ta ƙi hana darasin. A 2008 kuma masanin sararin samaniya Jayant Narlikar da Narendra Dabholkar mai yaƙi da camfi da abokan aikinsu suka yi gwaji a Pune: suka tattara bayanan haihuwar yara 200, rabi haziƙai a makaranta rabi masu naƙasar ƙwaƙwalwa, aka ba kowane mai duba takarda 40 ya ware. Mutum 27 suka dawo da amsa, an yi sharaɗin sai mutum ya ci 28 kafin a ce ya yi abin kirki, wanda ya fi kowa 24 ya ci, matsakaicinsu kuwa bai ma kai rabi ba. Dabholkar ɗin nan harbe shi aka yi a 2013, don a san maganar ba ta wasa ba ce a can.

Su kuma masu kare ilimin sukan ce ba a yi shi don irin wannan jarrabawar ba, madubi ne da mutum zai kalli kansa, harshe ne na magana kan abin da ke damun rai. Na fahimci wannan, kuma na yarda cewa mutumin da ya shekara goma ba wanda ya ce masa “na ga kana ɓoye ciwo” zai ji sanyi in ya karanta haka ko daga ina ya fito. Amma akwai tsohon gwajin da wani malamin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi a 1948, ya ba ɗalibansa bayanin hali ya ce kowa nasa ne na musamman, suka ba shi maki sama da 4 cikin 5 na dacewa, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. Waye ba ya jin yana da abin da ya ɓoye? Waye ba ya jin mutane ba su gama fahimtarsa ba?

Ko iyakar gidajen ma ba a gama daidaitawa ba. Lissafin Indiya yana bin taurari ne, na Turawa yana bin damina da rani, tazarar da ke tsakaninsu yanzu ta kai wajen digiri 24, kuma su kansu Indiyawan suna da ma'auni fiye da ɗaya, wanda gwamnati ta ɗauka mai sunan Lahiri da wani mai sunan Raman sun bambanta da kusan digiri ɗaya da rabi. Wanda aka haifa a bakin iyaka zai iya zama ɗan Shatabisha a manhaja ɗaya, ɗan Dhanishta, gidan da ke maƙwabtaka da shi, a wata.

Mu ma ai muna da masaukan wata

Nan ne wasu ke ruɗewa su ce to ai har Alƙur'ani ya ambaci manzilolin wata. Ya ambata, a Suratu Yunus aya ta 5 da Yasin aya ta 39, kuma a Yunus ɗin an faɗi amfaninsu, don a san adadin shekaru da lissafi. Larabawa 28 suke ƙirgawa, kuma su ne malamanmu na zaure suka gada suke gaya wa manoma yau Suraiya ta kama, yau Zira'a, yau Nasara, yau Ɗarfa, kowanne kwana 13, a san lokacin shuka da lokacin da ruwa zai yi nauyi da lokacin shigar ɗari. A yankin saman da Shatabisha yake akwai wanda suke kira Sa'adul Ahbiya. Manoman Indiya ma suna da irin wannan lissafin na damina da gidajen nan nasu. Masanin nan Musulmi, Albiruni, tun wajen shekarar 1030 ya zauna ya kwatanta na Larabawa da na Indiyawa a littafinsa kan Indiya.

Malaman Musulunci sun raba ilimin taurari biyu, na sanin tafiyarsu don gane lokaci da alƙibla da hanya, wannan ba laifi, da na jingina musu tasiri kan rabo da hali da ciwo, wannan shi ne aka yi hani da shi. Hadisin Hudaibiyya sananne ne, inda aka yi ruwa da dare Annabi (SAW) ya bambance wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu. Kiristocin da muke zaune tare ma littafinsu ya hana duba. Saboda haka dattijon da ya ce Ɗarfa ta kama a yi hanzarin noma da manhajar da ta ce Rahu ne ya sa miki ciwon kai, sama ɗaya suke kallo amma ba sana'a ɗaya suke yi ba.

Ranar haihuwar da aka saka ma ta waye?

Na tambayi ƙanwata wace rana ta saka, ta ce wadda ke takardar makaranta. Awa fa? Ta ce ta bar shi yadda ta same shi, sha biyun rana. Da safe na kira Umma, ta yi dariya ta ce ita dai ta san ranar Laraba ce bayan la'asar ana saura 'yan kwanaki babbar salla, ranar da ke takarda kuwa malamin da ya yi rajistar 'yan aji ɗaya ne ya rubuta abin da ya ga dama don ba a je da takardar asibiti ba. Mu nawa ne haka? Gidan wata kullum sauyawa yake, kuskuren yini ɗaya ya isa ya kai ka gidan maƙwabci, balle na makonni.

Ban yi mata faɗa ba, don abin da ta ja wa layi a hoton da ta turo shi ne ya tsaya min, ba maganar baiwa ta ja wa layi ba, wurin da aka ce mai wannan tauraron yana ɗauke da ciwo shi kaɗai ba ya faɗa wa kowa ta ja wa. Na ce, “Auta, ciwon kan nan tun yaushe?” Ta ce ya kai wata huɗu, da yamma ya fi tsanani, tana ta shan farasitamol ba ta son ta ɗora wa Umma damuwa. Ranar Litinin na kai ta asibiti aka auna jininta aka duba idonta, likitan ya rubuta mata gilashi ya ce ta dawo bayan sati uku, ya kuma tambaye ta ko tana samun barci, ta sunkuyar da kai ba ta amsa ba. A hanyar dawowa cikin adaidaita ta ce akwai maganar da take so mu yi amma ba yau ba, na ce mata ranar Juma'a bayan masallaci zan shigo gida.